Gefen da Mashud Bai Ƙone Ba

Duk mai kiwon rago tsakanin Nima da Mamobi a Accra ya san Mashud mai ciyawa. In bai san sunansa ba, ya san hularsa, wata tsohuwar hular saƙa da rana ta cinye launinta, wadda ko ranar Juma'a ba ta rabuwa da tsinken gamba. Ni kuwa na san shi fiye da yadda nake so. Teburin kokona yana kallon rumfarsa ne a bakin babbar gota, magudanar ruwan da ta ratsa unguwa, kuma shekara da shekaru ina tsince ciyawarsa daga cikin ƙosaina. Sunana Mulikatu. Lungu ɗaya muka tashi da shi, yayarsa Lariba kuma ita ta goye ni ina jaririya, don haka abin da ya same su ba a bakin wani na ji shi ba.

Mashud bai gaji sana'ar nan ba. Ubansu, Saje Issaka, ɗan sanda ne, kakansu kuma soja ne da ya biyo Turawa daga arewa ya zauna a nan. Shi Mashud ya taɓa karen mota a trotro, motar haya ta cikin gari, ya taɓa dako a tashar jiragen ruwa ta Tema, babu wadda ta karɓe shi. Sai da ya fara furfura a gemu sannan ya lura da abin da kowa yake gani bai kula ba: a Zango, wato unguwannin nan namu, akwai raguna, babu ciyawa. Mu mutanen nan muna da wani hali. Mutum yana cunkushe da iyalinsa a ɗaki ɗaya, amma sai ya nema wa rago wuri a bakin ƙofa, ya yi masa wanka da sabulu, ya raɗa masa suna, ya yi wata da watanni yana kiwonsa saboda layya. Dusa da ɓawon agade ba sa isa. Dole wani ya fita bayan gari ya yanko, kuma Mashud ya zama wannan wanin.

Da farko abin da sauƙi. Da lauje da adda da tsohon keke, kafin hantsi ya dawo da kaya. Amma Accra gari ne mai ci. Inda ya yanka bara, bana sai ya tarar da katanga da mai gadi da kare. Ya sayar da keken ya sayi aboboya, wannan babur mai ƙafa uku da akwati a baya, don tafiyar ta yi nisa, kuma kullum ƙara nisa take yi. Wannan ya sa masa wani irin ciwo: ba ya iya wuce ciyawa. In yana cikin mota ya hango ta, sai ya bi ta da wuya har ta ɓace. Ranar da aka kai wani maƙwabcinmu makwancinsa, mutane na addu'a, shi idonsa na kan kyasuwar da ta fito a gefen kaburbura. Mun yi masa tsiyar wannan har muka gaji. Dariya kawai yake yi, ya ce, "Ku ba ku san yunwan rago ba kwaraa."

Gonarsu tana bayan Dodowa, in ka bar kwalta ka yi gabas cikin wannan filin ciyawa da ba a ganin ƙarshensa. Saje ya same ta bayan ya ajiye kaki. Ba saya ya yi ba, kuma wannan shi ne abin da nake so a riƙe. Mai ƙasar wurin, mahaifin Papa Narh da ke riƙe da ita yanzu, shi ya ara masa. A al'adarsu kwalbar giya ake kaiwa. Saje ya ce shi Musulmi ne, ya kai goro da rago, aka karɓa ana dariya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa a gaban dattawa: duk shekara, idan ruwan ƙarshe ya ɗauke, zai ƙone gefensa tare da kowa. Ranar da wuta ta shigo wa mutane ta gefen da ya bari, ƙasa ta koma hannun masu ita.

Ga yadda abin yake. Gonakin ƙauyen a jere suke, bayansu daji. Da rani wuta ba ta rasa mai kunna ta, ko mafarautan gyazbi, ƙaton ɓeran dajin nan, ko masu gawayi, ko makiyayin da ke son sabon tsiro. Don haka tun ciyawa na da sauran danshi, mai shela zai zaga da kuge ya sa rana. Ranar kowa zai fito da sassafe kafin iska ta tashi, a share hanya mai faɗi a bayan gonaki, a cinna wa ciyawar da ke gabanta wuta, a tsaya a kanta da ɗanyen ganyen darbejiya har ta mutu. Wutar da aka kunna wa ɗanyar ciyawa rarrafe take yi, ko tsohuwa tana iya kashe ta. In babbar ta taso daga baya, sai ta tarar da baƙar ƙasa babu abin ci, ta tsaya. Amma fa sai in layin ya haɗe daga farko har ƙarshe. Gona ɗaya ta bar gefenta, an bar wa wuta ƙofa kenan. Gefen Saje kuwa shi ne na gabas, ta inda iskar rani take fitowa.

Saje ya shuka mangwaro layi-layi, yadda ya saba jera kurata a fareti. Da ya rasu, Yaya Lariba da mijinta suka tare a can. Ta koyi yaren mutanen wurin, har in tana ciniki da shi ba za ka ce 'yar Mamobi ce ba. Mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, gwiwoyinta suka kumbura har sai da sanda, amma ta ƙi dawowa. Duk wanda ya yi mata maganar, amsa ɗaya ce: "In dawo in yi me? In zauna ina shaƙan gota?" Mangwaron ubanta ke ciyar da ita, da ɗan barkono da take shukawa kusa da ɗaki. Ba ta da wani wuri a duniya sai nan, kuma zamanta a nan ya rataya ne a kan aikin safiya ɗaya a shekara, wanda ya koma wuyan Mashud tun rasuwar mijinta.

A gaskiya yana zuwa. Shekaru yana zuwa, ya dawo da jajayen idanu yana warin hayaƙi, ya zauna a bencina yana mita wai yau da hannunsa ya ƙone abincin ragunan Nima kaf. Ni in zuba masa koko in ce ya sha ya yi shiru.

Shekarar da abin ya faru, abu biyu suka haɗu. Ruwan ƙarshe ya daɗe bai ɗauke ba, gamba ta yi tsawon da tsofaffi suka ce sun manta rabon da su ga irinsa. Sannan filin ƙarshe da Mashud yake yanka a kusa, can bayan babban titin Tema, wasu suka zo suka kewaye shi da kwano za su yi gidaje. Ana cikin haka saƙo ya zo daga ƙauye cewa an sa ranar ƙone gefe. Ni ma na bi shi, na hau bayan aboboya a kan buhu, don ina son barkono kuma na yi kewar Yaya Lariba.

Mun isa rana ba ta yi zafi ba. An riga an fara daga kudu, hayaƙi fari yana tashi a hankali, maza da mata a jere da ganye a hannu. Papa Narh, dattijo siriri da zane a kafaɗa, ya miƙa wa Mashud damin ciyawa mai ci da wuta, kamar yadda ake yi kowace shekara. Mashud ya karɓa, ya taka har gefensu, ya tsaya. Ina bayansa. Gambar ta shanye shi a tsawo, kore shar, raɓa na ɗiga daga ganyenta. Na ga ya kai hannu ya shafa ta, kuma tun daga wannan shafar na san akwai matsala.

"Mulika," ya ce, "kin ga gamba nan? Kin gan shi? In sa mishi wuta?"

Na ce, "Abin da ka zo yi kenan."

Ya bar wutar ta ci a hannunsa har ta kusa yatsunsa, sannan ya jefar ya take. Ya koma wajen Papa Narh ya rusuna. Ya ce shi ba ƙin aiki ya yi ba, yanka zai yi maimakon ƙonawa. Ai yankan ma ya fi, don ƙasa za ta fito fes. A ba shi Juma'a biyu kawai.

Papa Narh ya dube shi. Ya ce, "Ɗan Saje, ubanka bai taɓa roƙon Juma'a ba."

"Papa, na rantse. Kafin ya bushe na gama."

Dattijon ya juya ya dubi Yaya Lariba, wadda ke zaune a kan turmi a ƙofar ɗakinta. Kunyarta ya ji, ba ta Mashud ba. Ya ce, "Yoo. Ka dai san maganar da ke tsakaninmu." Aka tsallake gefen Saje aka ci gaba zuwa arewa. Da za mu tafi na waiwaya. Baƙin layi ya taho daga dama, baƙin layi ya taho daga hagu, a tsakiya ga koren wuri a buɗe kamar giɓi a baki.

Yaya Lariba ba ta yi masa faɗa a gaban mutane ba. Sai da yake ɗaure kaya ta ce, "Mashud, nan ba Mamobi ba ne. A nan ba a ajiye ciyawa."

Ya ce, "Yaya, ki bar mini. Sana'ana ne."

Kuma ya fara yankan da gaske. Amma mutum ɗaya ne da lauje ɗaya, aboboya kuma akwatinta ɗaya. Sannan a Mamobi ina zai zuba? Mu a Zango mun san wuta. Gidajenmu katako ne da kwano, a manne da juna, motar kashe gobara ba ta da ta inda za ta shiga. Babu mai gidan da zai yarda a tara masa busasshiyar ciyawa a tsakar gida, ko gidansu na gado, gidan Saje, mata suka ce ba da su ba. To sai Mashud ya yi dabara irin ta mutumin birni da ya ga inuwa kyauta. Abin da ya yanka bai iya ɗauka ba, sai ya ɗaure shi dami-dami ya jera a gindin mangwaron ubansa, wai kada rana ta cinye masa kore. Kowace bishiya da nata tarin.

Juma'a biyu suka wuce. Wasu ma suka bi su.

Rani ya kama sosai, ciyawa ta yi wuya a gari, masu raguna suka fara yi masa layi tun ina hura wutar koko. Sauran masu ciyawa sun koma sayar da ɓawon rogo, shi kaɗai ke da gamba. Ban taɓa ganin Mashud da walwala irin ta lokacin ba. Ya sayi sabuwar hula, ko da yake bai iya rabuwa da tsohuwar ba. Kuma na lura yankan ya ragu. Me zai sa ya yi sauri? Wadda ke tsaye a gona ba ta ruɓewa, ba a sace ta, kullum daraja take ƙarawa. Gefen Saje ya zama masa rumbu.

Ni ce na fara jin warin. Wata safiya ya sauke kaya, iska ta kaɗo, sai na ji ƙauri. Na duba tukunyata, ba ita ba ce. Daga ciyawar yake fitowa. Da ya kwance dami, wasu baƙaƙen abubuwa marasa nauyi suka tashi suka sauka a kan farin ƙyallen da nake rufe ƙosai. Na taɓa ɗaya, ya narke a yatsana.

"Wannan fa?"

"Can nesa ne," ya ce. "Wajen duwatsu. Bai shafe mu ba."

Zuwa na gaba ya ce wutar ta ƙetare rafi, amma ta mutu. Na gaba da shi bai ce komai ba, sai da na tambaya, ya ce masu gyazbi ne suka kunna a bayan makarantar ƙauyen da ke gaba, an kashe. Kowane zuwa sunan wurin da yake faɗa yana matsowa. Wayarsa kuma ba ta hutawa. Kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, don haka kullum a buɗe yake sa ta, duk bakin gota muna jin muryar Yaya Lariba. Ba ta ɗaga murya. Sai dai ta ce, "Yau toka ya sauka a randa." Wata rana ta ce, "Macizai na fitowa daga gabas da rana tsaka." Shi kuma ya ce, "Na ji, Yaya. Ina zuwa."

Sai ga Papa Narh da kansa a Mamobi. Mutumin da aka ce rabonsa da Accra tun yana saurayi, ya hau mota ya sauka ya yi ta tambaya har aka kawo shi bakin gota. Na ba shi benci na zuba masa koko, ya riƙe kofin bai sha ba. Yana kallon yadda wani magidanci yake ciniki a kan ɗan abin da bai cika hannu biyu ba, yana roƙon a ƙara masa gyara, Mashud yana ƙara masa tsinke uku kamar mai ba da zinariya. Dattijon ya girgiza kai.

"Yanzu na gane," ya ce. "Da ina cewa lalaci ne. Ashe a nan abinci ne. To ɗan Saje, a can kananzir ne. Masarata tana cikin rumbu a bayan mangwaronku. Na zo in faɗa maka da bakina, kada gobe a ce ban faɗa ba."

Mashud ya ajiye ciyawar da ke hannunsa. Ya ce, "Papa, gobe-goben nan zan zo in ƙone shi duka."

"Ka ƙone?" Papa Narh ya ajiye kofin. "Yanzu? Wanda ya kunna ashana a wurin nan yanzu, shi ya ƙone ƙauye. Lokacin ƙonawa ya wuce tun ranar da ka take wutar da na ba ka. Saura yanka, kuma ba da lauje ɗaya ba."

Wannan maganar ce ta shige shi. Duk tsawon lokacin nan a ransa yana ganin in abu ya matsa, ashana ɗaya ta isa ya gyara komai. Bai san ƙofar nan ta rufe ba. A ranar ya shiga neman babbar mota da mutanen da za su taya shi. Ya samu, amma direban ya ce sai Asabar. Mashud ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, direban ya ce yana da kayan mutane. Aka tsaya a kan Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi ina wanke tukwane wayar Mashud ta yi ƙara. Muryar Yaya Lariba ta fito a sanyaye, ta fi kullum sanyi.

"Mashud, shirwa sun taru a gabas. Iska ya juya."

"Yaya, kin ga wuta?"

"Ban gani ba. Ina jin shi."

Layin ya yanke, ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ban san lokacin da na bar tukwanen a bakin hanya na haye aboboya ba. A Madina muka tarar da cunkoso, mota ba gaba ba baya, masu talla na miƙo mana ruwan leda da biredi. Mashud yana ta danna wayar, tana ƙara har ta gaji. Ina da abin faɗa cike da baki, amma na ga halin da yake ciki, na haɗiye.

Muna wuce Oyibi sararin gabas ya canza, ya koma kalar shayi da madara. Baƙin abin nan ya fara sauka a kan mayafina. Bayan Dodowa muka fara gamuwa da mutane a bakin hanya, wasu da awaki, wasu da kwanoni a ka, kowa yana kallon wuri ɗaya. Shirwa da balbela sun cika sama suna cafke farin da ke gudu. Sannan muka ji ƙarar. Ni mai suya ce, na san kukan ƙosai in ya faɗa tafasasshen mai. To irinsa ne, sai dai kamar duk duniya ce kaskon.

Daga kan ɗan tudun da ke gaban ƙauyen ana ganin komai, kuma da ma ban gani ba. Layin da mutane suka ƙone ya riƙe. A dama wuta ta zo ta tsaya, a hagu ta zo ta tsaya. Gaba ɗayanta sai ta tattaru ta bi ta gefen Saje, iska na tura ta. Ta tarar da damunan Mashud suna jiranta a gindin bishiyoyi. Mangwaron yana cikin fure a lokacin. Ɗaya bayan ɗaya suke kamawa daga ƙasa zuwa sama, a layi, yadda Saje ya jera su. A bayansu rumbun Papa Narh ya riga ya zama jan gawayi, warin gasasshiyar masara ya cika ko'ina.

Mashud ya diro yana kiran "Yaya! Yaya!" zai faɗa cikin hayaƙin. Maza suka riƙe shi. Wata mata ta nuna masa gindin wata darbejiya a bakin hanya.

Tana can a cikin baro, irin wanda ake ɗibar yashi, ƙafafunta na reto, takalmi ɗaya a ƙafa, fuskarta duk toka. 'Ya'yan Papa Narh mata biyu suna tsaye a kanta suna haki. Daga baya na ji yadda aka yi. Suna bakin rumbu da bokitai suna jiƙa jinka, kuma da alama da sun tsaya da sun tsirar da wani abu. Uban ya ce su ajiye bokitan su je su ɗauko 'yar Saje, ba ta iya gudu. Suka bar abincin shekararsu suka tafi.

Mashud ya zube a gaban dattijon. Papa Narh bai ko dube shi ba, idonsa na kan rumbun. Ya ce, "Tashi. Je ka ga yayarka."

Babu wanda ya zage shi, kuma ina ganin da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Dattawa suka zauna bayan kwanaki, zaman bai daɗe ba, don babu abin da za a yi gardama a kai: ƙasa ta koma hannun masu ita. Yaya Lariba ta dawo Mamobi a bayan aboboya da ƙullin kaya ɗaya. Aka share mata ɗan ɗakin da ke ƙarshen gidan Saje, wanda tagarsa ke kallon gota. Ba a jima ba sai ga ɗan aike daga ƙauye da ƙullin goro da ɗan rago fari. Papa Narh, mutumin da ba shi da ƙwayar masara a gida, ya nemo su ya aiko. Abin da Saje ya kai an mayar, don kada wani ya ce an ci haƙƙin 'ya'yansa. Na ji haushin wannan kirki har na yi hawaye.

Babu wanda ya iya yanka ragon, babu wanda ya iya sayar da shi. Aka ɗaure shi a jikin rumfar Mashud. Yaya Lariba kuma ba ta iya zaman ɗaki, sai ta riƙa dogarawa ta fito ta zauna a bencina, bayanta a juye da gota, tana kallon mutane. Ba ta taɓa yi wa ƙanen nata maganar ba. Yana gaishe ta da safe, tana amsawa. Shi ya daina dariya, sabuwar hular ma ban sake ganinta ba. Ya koma sayen ciyawa a hannun masu kawowa a mota daga ƙauyuka, yana sayarwa da ɗan abin da ya samu a kai.

Da ruwan farko ya sauka, motar ta zo wata safiya da wata irin ciyawa. Sabon tsiro ne, gajere, mai laushi, kore har yana ɗaukar ido. Duk mai kiwo ya san babu wadda ta kai wadda ta fito a inda wuta ta ci. Masu raguna suka taso tun kafin a gama saukewa. Mashud ya kwance dami ɗaya, sai wani abu ya faɗo ya gangaro har gaban bencina. Yaya Lariba ta sa sandarta ta jawo shi, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka. Ƙwallon mangwaro ne, ya ƙone ya yi baƙi.

Ta juya shi a tafin hannunta. Ta ce wa mai motar, "Daga ina?"

Ya faɗi sunan ƙauyen. Ya ce, "Wajen wasu ƙonannun bishiyoyi, Maame. Ciyawa ya yi kyau paa a wurin."

Farin ragon nan da ke ɗaure a rumfa yana jan igiyarsa yana miƙo wuya. Mashud yana tsaye da damin a hannu, ya kasa ajiyewa, ya kasa miƙa wa kowa. Yaya Lariba ta ƙulle ƙwallon a bakin zanenta, ta ɗaga kai ta dube shi, karo na farko da na ga ta dube shi sosai tun ranar.

"Ba wa ragon ya ci," ta ce. "Ai duk saboda wannan ne aka yi."

Ya sunkuya ya zuba wa ragon. Da ya ɗago, tafukansa biyu sun yi baƙi da tokar da ke gindin ciyawar. Ya tsaya yana kallonsu, wani mai saye yana ta kiran sunansa, bai ji ba.